Kashi 120 a Bango, Ƙyanda a Ƙauye: Nazarin Rajistar Rigakafi a Wani Asibitin Karkara na Ƙasar Daura

Asibitin ƙarami ne, ɗaki uku da baranda, a wani gari na arewacin ƙasar Daura inda mutum zai yi Azahar a Najeriya ya yi La'asar a Nijar bai ko jiƙe da gumi ba. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan ambaci kowa ba, domin ba tonon silili ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ma'aikata uku ne a wurin: incaji, da ma'aikaciyar lafiya wadda mata ke kira Malama, da wani matashi mai yankar kati. Ni kuma a lokacin ina cikin masu zagayen duba aikin allurar rigakafi.

Alƙaluman asibitin da zan kawo a nan na misali ne. Na daidaita su don lissafin ya yi sauƙin bi, amma siffar matsalar ita ce dai wadda muka tarar.

Abin da ke bango

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin rigakafi ya san takardar nan mai gida-gida da ake mannawa a bango. Watanni goma sha biyu a jere a ƙasa, sai wani layi da ya tashi daga kusurwar ƙasa ya nufi ta sama. Wannan layin shi ne adadin jariran da ake sa ran asibiti zai yi wa allura a shekara. Ƙarshen kowane wata sai ma'aikaci ya haɗa na watan da na baya, ya ɗiga ɗigo. In ɗigon yana bin layi, aiki na tafiya. In ya faɗo ƙasa, akwai magana.

A wannan asibiti ɗigon bai tsaya ga bin layi ba, tsallake shi ya yi. A takarda, mutanen da asibitin ke kula da su 10,000 ne. Ƙa'idar da ake bi a Najeriya ita ce a ɗauki kashi 4 cikin 100 na jama'a a matsayin yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya, wato jarirai 400 ke nan. Su kuwa a waccan shekara sun yi wa yara 480 allurar Fenta ta farko, wato allurar jarirai mai kare cututtuka biyar. Kashi 120 cikin 100. Incaji yana alfahari da wannan takarda, kuma ban ga laifinsa ba, don ba ƙarya ya rubuta ba. Na bi rajista shafi bayan shafi, yaran nan 480 suna nan da sunayensu. Da mu da muke zuwa dubawa, da waɗanda ke karɓar rahoton wata-wata suna zubawa a DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, duk mun ga lambar mun yaba mun wuce.

Sai ga shi a ƙarshen hunturu, iska na kaɗawa, an fara kawo yara masu zazzaɓi da jan ido da tari, bayan kwana uku zuwa huɗu ƙuraje su feso daga fuska su gangara jiki. Ƙyanda. Yawancinsu daga wasu unguwanni biyu da ke bayan wata ƙorama, da wata ruga da ke kusa da su. Ba duka ma aka kawo ba, don har yanzu akwai gidajen da ake ɓoye mai ƙyanda a ɗaki, a hana shi wanka, a ce kada iska ta taɓa shi. An rasa yara. Na je gaisuwa gida ɗaya, na tarar da uwar zaune bakin ƙofar ɗaki da katin yaron a hannu, tana ta juya shi. Allura ɗaya ce rak a cike a katin.

Tambayar da muka zauna da ita a baranda ranar ita ce: ta ina ƙyanda ta shigo garin da aka yi wa yara kashi 120 allura? Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar muke nema, kuma ba mu da wani kayan aiki sai rajista, biro, da na'urar lissafi ta wayar incaji.

Lissafin farko: su wa suka dawo?

Fenta allura ce guda da ke kare yaro daga cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sandarewar jiki ta tetanos, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu. An shigo da ita tsarin rigakafin Najeriya a 2012. Sau uku ake yin ta: a mako 6, mako 10, da mako 14. Yaron da aka yi wa ɗaya aka tsaya bai samu cikakkiyar kariya ba. Ta ƙyanda kuma sai yaro ya kai wata 9, a ƙara ta biyu a wata 15.

Muka ƙirga. Fenta ta farko 480. Ta uku 336. Ta ƙyanda 240.

Duk waɗannan lambobi suna cikin rahoton wata-wata, babu wadda aka ɓoye. Ba a dai taɓa ajiye su kafaɗa da kafaɗa ba. Cire 336 daga 480, saura 144. Raba 144 da 480, ka samu kashi 30 cikin 100. Ma'ana, cikin yara goma da suka fara, uku sun ɓace kafin ta uku. A aikin rigakafi, in masu farawa su daina suka haura kashi 10, to alama ce akwai gyara. Zuwa wata 9 kuwa rabi ne cif suka rage. Sannan allurar ƙyanda ɗaya a wata 9 tana kama wajen yara 85 ne cikin 100, shi ya sa aka ƙara ta biyu. Ke nan cikin 240 ɗin ma, wajen 204 ne za a ce sun samu kariya. Ƙyanda kuwa cuta ce mai saurin yaɗuwa da sai an rufe kusan kashi 95 na yara da allura biyu kafin a tare mata hanya.

Abin da ya sa nake ganin wannan lissafin na masu dainawa ya fi kowanne amfani ga ƙaramin asibiti shi ne bai dogara ga ƙidayar kowa ba. Sama da ƙasan lissafin duk daga rajistarka suka fito. Ba ka jiran wani ya gaya maka yawan mutanen garinka.

Lissafi na biyu: kashi 120 na me?

Nan ne na fi daɗewa, don nan kuskuren ya fi zurfi. Duk wani kaso yana da kai da gindi: waɗanda aka yi wa, da waɗanda ya kamata a yi wa. In ɗaya ya karkace, amsar ta karkace. A asibitin nan duka biyun sun karkace, kuma gefe guda suka karkata.

Mu fara da kan. Rajista tana da gurbin rubuta unguwar da yaro ya fito. Muka ɗauko takarda, muka rubuta sunan kowace unguwa, Malama na karantowa ni ina jan sanda-sanda, biyar-biyar. Aikin ya ci mana yini biyu. Cikin 480, yara 130 ba na yankin asibitin ba ne. Wasu daga mazaɓar maƙwabta, wasu daga ƙauyukan tsallaken iyaka. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasar. Daga Daura zuwa Mai'adua, Zango da Baure, iyakar layi ce a taswira kawai. Dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Uwa za ta kai ɗanta inda ya fi kusa ko inda ta ji akwai allura, kuma daidai ta yi, asibitin ma daidai ya yi da ya karɓe ta. Amma ɗanta ba ya cikin 400 ɗin da aka raba da su. Da aka cire su, 'yan gida 350 suka rage. Kashi 120 ya dawo kashi 87 da ɗoriya.

Sai gindin. Daga ina 10,000 ta fito? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, lokacin da aka ƙirga mutum kusan miliyan 5.8 a Jihar Katsina. Tun daga nan hasashe ake yi: a ɗora wani kaso kowace shekara, a raba wa ƙananan hukumomi 34, a sake raba wa mazaɓu, a sake raba wa asibitoci. A matakin jiha hasashen zai iya yin kusa da gaskiya. Kafin ya gangaro kan ƙauye ɗaya ya zama ƙiyasi a kan ƙiyasi. Bai san an yi sabuwar unguwa ba, bai san Fulani sun sauka ba, bai san iyalan da rashin tsaro ya koro daga wasu sassan jihar suka raɓe wurin 'yan'uwa ba.

To yaya za a san jarirai nawa aka haifa? Dabarar ba daga gare mu ta fito ba. Mun je gaida mai gari, incaji ya zayyana masa damuwarmu, yana cewa, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka zo mun san su, waɗanda ba su zo ba ne ba mu san yawansu ba." Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ai a ƙasarsa ba a haihuwa a ɓoye. Ranar bakwai liman zai raɗa suna, wanzami zai yi aski, ungozoma ita ta yanke cibi, mai unguwa kuma an kai masa goro. Ya sa aka tara su. Kowane mai unguwa ya zauna da limaminsa da wanzaminsa, suka bi gida-gida da ka, suna tuna sunayen da aka yi daga waccan Sallah zuwa wannan. Inda aka yi kokwanto sai ungozoma ta raba gardama.

Jimilla ta tashi wajen 500.

Yanzu raba 350 da 500. Kashi 70. Yara 150 ba su taɓa taka ƙofar asibitin ba, babu sunansu a kowace rajista, babu ɗigon da ke wakiltarsu a bango. Da muka jera su unguwa-unguwa sai hoton ya fito sarai: cikin gari kusan kowa ya zo, unguwannin bayan ƙorama da rugar kuwa tsiraru ne. Jimillar gari gaba ɗaya ta lulluɓe su, kamar yadda za a ce gida ya ci ya ƙoshi alhali ɗaki ɗaya bai samu tuwo ba.

Wannan ba cutar asibiti ɗaya ba ce. Binciken gida-gida da aka yi a faɗin ƙasa a 2016 zuwa 2017 ya gano kashi 33 ne kawai na yara suka samu Fenta ta uku, alhali rahotannin asibitoci na nuna abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Wannan sakamako ne ya sa a 2017 aka kafa cibiyar gaggawa ta ƙasa kan rigakafin yau da kullum. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna kashi 31 na yara 'yan wata 12 zuwa 23 ne suka kammala allurai na asali, kashi 19 ba a yi musu ko ɗaya ba. Da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, ya fi tsanani a Kano, ya taɓa Katsina da Yobe da wasu jihohi, akasarin waɗanda ya kama ba su kammala rigakafi ba.

Bayan lamba, sai ƙafa

Lamba ta nuna mana inda ramin yake da girmansa. Ba ta gaya mana abin da ya haƙa shi ba. Don haka muka fitar da sunayen yara 144 da suka fara suka daina, muka raba, muka hau babur. Wanda ya san yashin yankin ya san rabin tafiyar turawa ce.

Abu na farko da muka gano ya ba ni mamaki, ko da yake a gabanmu yake kullum. Mako 6 kwana 42 ne. Mace, musamman mai haihuwar fari, takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a can, ta yi wankan jego har ta yi arba'in. Daidai lokacin Fenta ta farko ke nan. Sai kakar yaro ta rako ta asibitin garinsu a yi allura, bayan 'yan kwanaki a yi mata gara ta koma ɗakinta a wani gari. A rajistarmu ta zama wadda ta daina. Wasu daga cikinsu sun ci gaba a asibitin garin mazajensu, mun gani a katinsu. Wasu kuwa da yawa ba su ci gaba ba, don sun ɗauka katin na asibitin da ya bayar ne kaɗai, ba za a karɓe shi a wani wuri ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu akasin haka. Wannan ya koya mana kada mu ɗauki kashi 30 ɗin nan dukansa a matsayin ƙin allura.

Na biyu, zazzaɓi. Fenta takan sa jikin jariri ya yi ɗumi, cinya ta ɗan kumbura, ya kwana yana kuka. Abu ne da ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in ba a faɗa wa uwa tun kafin a soka allurar ba, maigida zai ga an fita da yaro lafiya an dawo da shi ba lafiya. Wata matashiya ta ce wa Malama, kanta a sunkuye, "Wallahi Malama ba ni na ƙi ba, baban shi ne ya ce kada in ƙara." Ban ga jahilci a wannan gida ba. Uba na gani da ya yi hukunci da abin da idonsa ya nuna masa, mu da muke da bayanin ba mu ba shi ba.

Na uku laifinmu ne tsantsa, mu ma'aikata. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta sai a yi amfani da ita cikin awa 6 ko a zubar. Saboda gudun a ce an yi asara, in yara biyu ko uku suka zo sai a ce wa iyaye su dawo mako mai zuwa idan sun taru. Matar da ta goyo ɗan wata tara, ta tako daga bayan ƙorama cikin rana, aka ce ta koma, da wace ƙafa za ta dawo? Ƙa'idar aiki ta ce a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya ne. Asarar allurar da ta rage a kwalba ana rubuta ta a fom kowa ya gani. Yaron da aka mayar gida ba shi da gurbi a fom, shi ya sa ma'aikaci ya fi tsoron ta farkon.

Sauran dalilan sanannu ne: ranar allura ta faɗo ranar kasuwa, damina ƙorama ta cika, lokacin girbi gida ba kowa. Da muka jera alƙaluman wata-wata, gangarowar daga Yuli zuwa Oktoba a fili take.

Abin da aka sauya

Ba a kawo ko kwabo daga waje ba. An ɗage ranar allura daga ranar kasuwa. An sa fita unguwannin bayan ƙorama da rugar sau ɗaya a wata da akwatin sanyi, aka matsa ƙaimi kafin ruwa ya sauka. Malama ta ɗauki al'adar tambayar kowace mai jego, "A nan kike aure, ko wanka kika zo?" In wanka ta zo, sai ta rubuta mata ranar allura ta gaba, ta gaya mata da kakar yaron cewa katin nan kowane asibitin gwamnati zai karɓa. Ana faɗin maganar zazzaɓi tun kafin allura, liman ma ya taɓo ta bayan sallar Juma'a don maza su ji da kunnensu. Masu unguwa suka riƙa aiko sunan duk jaririn da aka raɗa wa suna. Aka daina mayar da kowa saboda kwalba.

A bango kuma incaji ya ja layi na biyu da jan biro, na 500, a saman na 400 da aka aiko masa. Na san abin da wannan ya ci masa. Mutumin da ake kira a yaba masa a taro ya zaɓi ma'aunin da zai nuna shi a ƙasa. A ganina wannan shi ne aiki mafi wuya da aka yi a duk lamarin, kuma tsarin da ke yaba wa babbar lamba ba tare da tambayar gindinta ba yana koya wa ma'aikata kishiyar haka. Duk rahoton da ya haura kashi 100 kamata ya yi a ɗauke shi a matsayin ƙararrawa, a je a bincika.

Shekarar da ta biyo baya tazarar da ke tsakanin Fenta ta farko da ta uku ta ragu a rajista, wannan mun gani mun kuma ƙirga. Ƙyanda ma ba ta dawo da ƙarfi ba, amma na hana kaina da abokan aikina jingina wannan ga ƙoƙarinmu. Yaron da ya yi ƙyanda ya warke ba ya sake yi, don haka bayan kowace annoba akan samu lafawa ko an yi aiki ko ba a yi ba, har sai sababbin jarirai marasa kariya sun sake taruwa. Shekara ɗaya ba ta isa hujja ba. Haka kuma mun yi hattara da ƙananan lambobi. Akwai unguwar da jariranta biyar ne, biyu ba su zo ba. A lissafi kashi 40 ke nan, a zahiri gida biyu ne, ɗaya ma tafiya suka yi. Da an kai wannan kaso gaban hakimi a ce unguwa kaza ta fi kowa ƙin allura, da an ɓata wa mutane suna a banza, an kuma rufe ƙofar da ake son buɗewa.

Ba duka 150 ɗin aka samu ba. Rugar ta tashi da faɗuwar ruwan farko, ba mu san inda suka sauka ba. Gidaje kaɗan sun ce a'a, har mai gari ya aika sun ce a'a. Yaran tsallaken iyaka kuma har yau suna cikin kan lissafi ba sa cikin gindinsa, don fom ɗin wata-wata da muke cikewa jimilla yake tambaya; incaji a littafinsa na daban yake ware su.

Zuwana na ƙarshe, na tarar da wani kwalin takalmi a kan teburin Malama, an raba cikinsa gida goma sha biyu da guntayen kwali, kowane gida da sunan wata. Duk yaron da aka yi wa allura, sai a sa 'yar takarda mai sunansa da unguwarsa a gidan watan da zai dawo. Ranar ƙarshen wata ce, ta zazzage gidan watan a kan tebur. Takardu bakwai suka rage. Ta ware su unguwa-unguwa, ta ɗaure huɗu da kyauro ta miƙa wa yaron mai unguwar bayan ƙorama da ke jira a baranda, sauran ukun ta sa a jakarta, ta ce waɗannan a kan hanyarta ta gida suke.